Gatari ko gudumar faskare, wanne za ka fara saya in ka samu gida mai murhun itace a Kanada

Wannan maganar ta waɗanda aiki ko karatu ya jefa ƙananan garuruwa ce, irin na Manitoba da Saskatchewan da arewacin Ontariyo, ba 'yan Toronto masu zama a bene hawa na 20 ba, su kam sai dai su murɗa maɓalli ɗaki ya ɗau zafi. A ƙauyukan nan za ka iya kama haya ka tarar da murhun ƙarfe a falo ko a ɗakin ƙasa, mai gidan ya ce maka in ka riƙa hura shi kuɗin wuta zai ragu, kuma gaskiya ya faɗa, don a watan Janairu sanyi na kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili a wajajen Winnipeg kuma hita ba ta hutawa dare da rana. Matsalar ita ce itacen da ya fi araha a gungume yake zuwa, an yayyanka shi da injin zarto guntu-guntu kamar inci 16 amma ba a faskara ba, kuma nan babu mai faskare da zai wuto ta ƙofar gida da gatari a kafaɗa ka ƙwala masa kira. Kai ne mai faskaren, ɗan uwa.

To in ka shiga shagunan kayan aiki irin su Canadian Tire ko Home Depot ko Princess Auto za ka ga an jera gatura a bango kala-kala, duk ido ɗaya za ka yi musu ka ce ai gatari gatari ne. Iri 3 ne a wajen. Akwai gatarin sara, mai siririn baki da kaifi sosai, wannan na kayar da bishiya ne da datse reshe, kar ka saye shi don faskare, zai nutse cikin gungume ya maƙale ka ɓata rabin yini kana jijjiga ƙota. Akwai gatarin faskare, bakinsa da kaifi amma daga nan sai kan ya buɗe ya yi kumatu, nauyin kan bai cika wuce kilo 2 da wani abu ba. Sai kuma wanda suke ce wa mol, gudumar faskare ke nan, gaba gatari mai kauri baya guduma, yawanci laba 6 ko 8, wato kilo 2.7 zuwa 3.6, har akwai mai laba 12 na masu son wahalar da kansu.

Ni dai shawarata, in abu ɗaya za ka saya, sayi gatarin faskare. Na san abin da zuciya ke raya wa mutum a gaban shagon nan, ka ɗaga gudumar ka ji ta cika hannu ka ce yauwa wannan ce ta maza, bugu ɗaya itace zai tarwatse. Eh zai tarwatse a bugu na farko da na goma, amma faskare ba bugu goma ba ne, itacen da zai fitar da kai hunturu bugu ne ɗari bisa ɗari, kuma duk bugu sai ka ɗaga kilo 3 da rabi sama da kanka. Kafin a jima kafaɗa ta mutu, baya ya riƙe, saiti ya fara kaucewa, kuma a daidai lokacin da saiti ya fara kaucewa ne ake jin ciwo. Sannan ga wani lissafi da 'yan kimiyya suka sani tun a sakandare, in ka ninka nauyin abin da kake bugu da shi ƙarfin bugun sau 2 yake ƙaruwa, in kuma gudunsa ka ninka sau 4 yake ƙaruwa. Shi ya sa za ka ga siririn dattijo ɗan shekara 70 da gatari marar nauyi yana watsa itace kamar wasa, wani ƙato kusa da shi yana nishi da guduma. Mu da muka taso muna ganin masu faskare a gida ma mun san haka in mun tuna, gatarinsu ai ba wani nauyi ne da shi ba, ɗan ƙarfe ne a soke a kan ƙota, amma su farfasa marke da ƙirya da shi, hannu ne da sanin inda za a sara.

Amma fa kar a ce na ce guduma ba ta da amfani. Akwai gungumen da gatari zai yi ta tsalle a kansa kamar ka sari taya, mai faɗi sosai wanda ya wuce ƙafa ɗaya da rabi, ko mai ƙulli inda reshe ya fito, ko wajen da bishiyar ta rabu biyu, ko wanda jijiyoyinsa suka murɗe. Nan ne nauyi ke aiki, kuma kaurin kan gudumar ba ya barinta ta maƙale sosai. Babban abin da ta fi gatari da shi kuwa shi ne bayanta, an yi shi ne don dukan weji. Ka kafa wejin ƙarfe a tsaga ka yi ta bugu har gungumen ya buɗe. Kar ka kuskura ka yi wannan da bayan gatari, ba a ƙera shi don dukan ƙarfe ba, ramin da ƙota ke shiga zai buɗe kan ya fara girgiɗi, ko ɓarɓashin ƙarfe ya fallatsa maka a ido. Shi kansa wejin in kansa ya baje ya fara tsattsagewa a gefe saboda duka, a goge shi da magagari ko a canza, don waɗannan 'yan ɓaraguzan ne ke tashi.

Saboda haka kafin ka fitar da ko sisi, tambayi mai kawo maka itacen wane iri ne. Wannan tambayar ita ce ke raba gardama, ba faɗin ƙirjinka ba. In ya ce popla ne ko bach mai farin ɓawo ko dangin pain, waɗanda su suka fi yawa a yammacin Kanada, gatari ya ishe ka har ya yi yawa, popla kam ko kallon kirki ka yi masa sai ya tsage, sai dai wutarsa ba ta daɗewa, za ka yi ta jeka-ka-dawo wajen murhu. In ash ne ka yi sa'a, yana da zafin wuta kuma yana tsagewa a miƙe. Itacen ok ja (red oak) shi ma yana faskaruwa ba gardama duk da nauyinsa, illarsa bushewa, sai ya ci shekara 2 a jere. Mepul mai tauri ya danganta, miƙaƙƙe gatari zai yi, mai ƙulli sai guduma. Wanda kowa ke kuka da shi shi ne elm, jijiyoyinsa a sarƙe suke, ka sara ya buɗe amma ya ƙi rabuwa, zare-zare na riƙe da shi, ko gudumar ma sai ta sha wuya. In wani ya ce zo ka kwashi elm kyauta, to ka san dalilin kyautar. A Manitoba ma doka ta hana ajiye itacen elm don ƙonawa saboda cutar da ke kashe bishiyoyin, don haka a can ko kyautar kar ka karɓa.

Wajen saye, abin da za ka fi gani a hannun mutane shi ne Fiskars, kamfanin ƙasar Finlan ne daɗaɗɗe tun 1649. Gatarinsu X27 tsawonsa inci 36, nauyinsa gaba ɗaya wajen kilo 2.6, shi ne na dogaye da matsakaita, X25 kuma inci 28 ne, ya fi wa gajeru daɗi da kuma su Hajiya in suna son taɓawa, don a nan mata na faskare ba abin mamaki ba ne. Ƙotarsu ba ta katako ba ce, wata roba ce mai ƙarfi da aka zuba ta rungume kan, ba ta saurin karyewa amma ranar da ta karye ba a canza ta, gatarin ya tashi aiki. Mai ƙotar katako kuwa, itacen hikori aka fi yi da shi, in ta karye ka sayi wata ka sa, kuma ta fi shanye girgizar bugu a hannu, sai dai sabon shiga shi ne mai karya ta, don yakan wuce saiti ƙota ta daki gungume maimakon ƙarfen. Akwai na Suwidin irin Gränsfors Bruk da ake ƙerawa da hannu, masu kyau ne ƙwarai ba ƙarya, amma kuɗin guda ɗaya zai saya maka gatari da guduma da weji har da canji, kai da ka zo jiya kana lissafin haya da na aikawa gida bar wa masu sha'awa wannan. Guduma kuwa ita ce abin da ba sai sabuwa ba, ƙarfe ne kawai mai nauyi, duba shafukan saye da sayarwa irin su Kijiji ko Facebook Marketplace ko gwanjon da suke bazawa a ƙofar gareji ranar Asabar, ko ma ka ara wajen maƙwabci, mutanen ƙauyen nan ba sa ƙyashin aron kayan aiki in dai za ka mayar a kan lokaci. Abin dubawa a ta hannu shi ne kan ba ya motsi kuma ƙotar ba ta tsage ba.

Kar ka zaɓi gajeriyar ƙota don kana ganin ta fi sauƙin sarrafawa. In ka kuskure da gajeriya ƙarfen ƙaurinka yake nufa, doguwa kuwa ƙasa take caka. Samu kututture mai faɗi marar tsayi ka ɗora itacen a kai, can gefen da ya fi nisa da kai, buɗe ƙafafu, kuma lokacin da gatarin ke saukowa ka ɗan rusuna da gwiwa don ya sauka a miƙe. Duba fuskar gungumen za ka ga 'yan tsage-tsage sun fito daga tsakiya, su za ka bi. In babba ne kar ka nufi cibiyarsa, fara ɓantarar gefe-gefe kana zagayawa har ya rage ɗan madaidaici, da wannan dabarar gatari na cin gungumen da za ka rantse sai guduma. Mai ƙulli ka juya ƙullin ya koma ƙasa. Wasu na ɗora tsohuwar tayar mota a kan kututturen su cusa itace a ciki, ka sara ba ya faɗuwa ba ya tashi sama, ba sai ka yi ta sunkuyawa kana tsinta ba, bayanka zai gode maka. Kuma don Allah ba a faskare da silifas ko jallabiya mai jan ƙasa, sa takalmi mai ƙarfe a baki da tabarau na kariya, yara su koma ciki, don guntun itace na iya tashi ya yi nisa. 'Yan ƙananan tsinke na kunna wuta ma su suka fi cin yatsun mutane, ana riƙe da itace da hannu ɗaya ana sara da ɗaya, riƙe shi da wani guntun itacen maimakon yatsa.

Wani abin da zai ba ka mamaki, ranar da sanyi ya fi tsanani itace ya fi daɗin faskare, in ɗanye ne ruwan cikinsa ya daskare sai ka ji ya tsage ƙwas. Kuma yawancin itatuwan nan gara ka faskara su da wuri, don gungume ba ya bushewa da kyau in ba a buɗe shi ba. Wanda ka faskara a Afrilu ko Mayu ka jera shi sama da ƙasa iska na ratsawa, an rufe samansa kawai, shi za ka ƙona a hunturu mai zuwa in mai saurin bushewa ne. Ana son danshin ciki ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, akwai ɗan na'urar awo mai araha da ake soka wa itacen a sabuwar tsaga. Ɗanyen itace hayaƙi kawai yake yi, ya tara baƙin kwalta a bututun hayaƙi, kwaltar nan ce ke kama wuta ta ci gida. Tambayi mai gidan yaushe aka share bututun, ko an yi wa murhun binciken WETT, wato duba lafiyar murhun itace da kamfanonin inshora kan nema, kuma ka tabbata akwai ƙararrawar iskar kabon monoksaid a gidan tana aiki.

In za ka saya a kula da awo. Da kod ake auna itacen wuta, kod cikakke ƙafa 4 ne a tsaye, 4 a faɗi, 8 a tsawo in an jera, kusan kubik mita 3.6. Akwai wanda suke ce wa fes kod, layi ɗaya ne kawai, in guntayen inci 16 ne kashi ɗaya cikin uku ke nan na cikakken, sai ka ga farashi ya yi araha ka ɗauka ka yi dace. Tambaya ƙarara, wanne ne.

In kuma tulin ya yi yawa ko duk masu ƙulli ne, ba dole sai ka nuna jarumta ba, ana ba da hayar injin faskare mai aiki da fetur na yini ɗaya, ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku a yi na kowa rana guda, ɗaya na ɗorawa ɗaya na jerawa, amma wanda ya ɗora itacen shi zai ja hannun injin, kar a raba wannan aikin tsakanin mutum biyu don haka ake datse yatsu. Sai dai kowa ya sayi itacensa a kusa da inda zai ƙona shi. Akwai wani ƙwaro mai kashe bishiyar ash da aka fara ganowa a Arewacin Amurka a 2002 a wajen Detroit da Windsor, ya iso Winnipeg a 2017, kuma a cikin itacen wuta yake bin mutane gari zuwa gari, shi ya sa CFIA, hukumar kula da lafiyar abinci da tsirrai ta Kanada, ta hana fitar da itacen wuta daga yankunan da ya kama, har tara ake ci. Ko ɗan uwa ne a wani gari ya ce zo ka cika but ɗin mota kyauta, duba taswirar yankunan da aka hana a shafin hukumar kafin ka tada mota.