Yadda Ake Mayar da Tsohon Ginin Hukuma Wurin Sana'a ko Taron Jama'a

Da wuya ka samu babban gari a Arewa da ba shi da tsohon ofishin En'e, ko kotu, ko gidan waya da aka kulle aka bar wa jemagu. Ba dole sai an rushe su ba. Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hanns Vischer ya fara makarantar boko a 1909, yau Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar ce a ciki. Gidan Sardauna a Kaduna ya zama Arewa House, cibiyar binciken tarihi. Ƙungiya ko ɗan kasuwa ma na iya yin irin haka.

Da farko, gano mai ginin: ƙaramar hukuma ce, jiha, ko masarauta? In Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ayyana shi a matsayin kayan tarihi, ko taga ba za ka fasa ba sai da izininta. A Kano kuma canza fasalin gini sai da amincewar KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Hayar ta zama a rubuce, ta shekaru masu yawa, domin alƙawarin baka na ciyaman yana sauka ne ranar da ya sauka.

Na biyu, bi sawun ruwa, don shi ke kashe gini. Ɗauko magini da ya san tubali da azara, ba mai bulo kaɗai ba. Ku hau soro ku duba indararo, ko ya toshe, ko yana tsiyaya a jikin bango. Ku ƙwanƙwasa azara; wadda gara ta cinye za ka ji ta holoƙo. Ku duba gindin bango inda danshi ke cin ƙasa. Kada ka yarda a shafe bangon ƙasa da siminti, ko da kowa ya ce ya fi kyau. Danshi zai maƙale a ciki, wata damina filastar ta ɓallo har da naman bangon. Yaɓen ƙasa da makuba shi ne nasa. In kuwa rufin asbestos ne, kada a farfasa shi, ƙurarsa na lalata huhu.

Na uku, zaɓi sana'ar da ginin zai iya ɗauka. Ɗakuna masu kaurin bango da sanyi sun dace da ɗakin karatu, teloli, dukawa ko ajin koyon kwamfuta. Injin niƙa kuwa girgizarsa tsaga bango take yi. Banɗaki, tanki da janareta a yi musu wuri a waje, wayar lantarki ta bi ta bututu a saman bango.

Kafin buɗewa, zauna da mai unguwa da dattawan da suka yi aiki ko karatu a wurin, a ware ɗaki ɗaya na hotuna da tarihinsa. Sannan a cire wani kaso daga kuɗin haya kowane wata, a ajiye don yaɓe da gyaran indararo a watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka.