Yadda ƙungiyar agaji za ta fara amfani da fasahar AI ba tare da ta cutar da jama'a ba

Tun da kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT a watan Nuwamban 2022, ƙungiyoyin raya ƙasa ke shan tambaya daga masu ba su tallafi: kun fara amfani da ƙirƙirarriyar basira (AI) kuwa? Wannan matsi ne ke sa wasu shugabanni su sayi manhaja tun ba su san ciwon da za ta warkar ba. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin.

Mataki na farko: a zaɓi aikin da kuskurensa ba zai taɓa ran kowa ba. A tara ma'aikata, a tambaye su aikin da ya fi cin lokacinsu. Galibi amsar ba ta wuce rubuta rahoton wata uku, taƙaita bayanan taro, ko rarraba amsoshin da aka tattaro da manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox. A ɗauki ɗaya kawai. Tantance wanda zai samu abinci, ko ba majinyaci shawarar magani, ba wurin koyon hannu ba ne.

Mataki na biyu: a rubuta ƙa'ida kan bayanan mutane kafin kowa ya buɗe manhajar. Nan ne haɗarin yake. Jami'in da rahoto ya sha masa kai zai iya kwafar jerin sunayen 'yan gudun hijira da lambobin wayarsu da na NIN, ya zuba ya ce a tsara masa. Bayanan sun bar hannun ƙungiya ke nan, sun tafi rumbun wani kamfani a ƙasar waje, kuma wasu manhajojin kyauta suna horar da na'urorinsu da abin da aka rubuta musu idan ba a kashe wannan zaɓi ba. Najeriya tana da Dokar Kare Bayanai ta 2023 da hukumar NDPC mai sa ido a kanta, Nijar kuma tana da tata hukumar kare bayanai, HAPDP. Ƙa'idar kada ta wuce shafi ɗaya: abin da aka yarda a saka, abin da aka hana, da manhajar da ofis ya amince da ita. Goge suna kaɗai bai isa ba. Idan aka rubuta "ungozoma mai shekara 60 a ƙauye kaza", duk ɗan garin ya san ko wace ce.

Mataki na uku: a gwada manhajar da harshen mutanen da ake yi wa aiki. Waɗannan na'urori sun fi ƙwarewa a Ingilishi da Faransanci nesa ba kusa ba. Hausarsu da dama-dama, amma Barbarci da Fulatanci da Zabarmanci sai a hankali. A ba ta saƙonnin da aka riga aka fassara da hannu, a kwatanta, musamman inda aka ambaci kuɗi ko ƙa'idar shan magani. A Maraɗi idan mace ta ce ta kashe dala ashirin, sefa 100 take nufi, na'ura kuwa tana iya mayar da ita dalar Amurka a cikin rahoto.

Mataki na huɗu: kowane aiki ya zama da mai duba shi, a kuma san sunansa. Na'urar tana iya ƙirƙiro alƙaluma ko sunan binciken da ba a taɓa yi ba, ta kawo su cikin lafazi mai daɗi. Duk lambar da za ta shiga rahoto a koma tushenta. A auna lokacin da aikin ke ci kafin gwaji da bayansa, har da na gyara. In gyaran ya cinye ribar, a bar shi, ba abin kunya ba ne.

Mataki na biyar: sai an zauna da gindi a waɗannan sannan a hangi manyan ayyuka. A 2020, lokacin korona, gwamnatin Togo ta haɗa kai da ƙungiyar agaji ta GiveDirectly da masana daga Jami'ar California ta Berkeley a shirin Novissi, aka yi amfani da hotunan tauraron ɗan adam da bayanan amfani da waya wajen gano matalauta a karkara, aka tura musu kuɗi ta waya. A Kenya, ƙungiyar Jacaranda Health tana tace saƙonnin mata masu juna biyu da AI, don mai alamar haɗari ta riga sauran samun ma'aikacin jinya. Amma a lura, na Togo ya yiwu ne da hannun gwamnati da kamfanonin sadarwa da masu bincike, kuma wanda ba shi da waya yana iya faɗuwa ta bayan ƙofa. Ƙungiyar da ke son irin wannan aiki ta nemi jami'a ko cibiyar bincike su yi tare, ta tanadi hanyar koke ga wanda aka tsallake, ta kuma saka kuɗin manhaja da na horar da ma'aikata a kasafin da take miƙa wa mai ba da tallafi tun daga farko.