Kurakuran da iyaye suka fi yi wajen koya wa yaro mallakar zuciyarsa

Yaro ɗan shekara uku da aka karɓe wa waya ya zube ƙasa yana birgima, yana shure-shure, fuska jage-jage da hawaye da majina. Abin da ya fi saurin fitowa daga bakin babba shi ne "Yi mini shiru!" Idan bai yi ba a daka tsawa, idan ya ƙara a kai hannu. Tushen kuskuren shi ne zaton cewa yaron zai iya yin shiru, taurin kai ne ya hana shi. Sau da yawa ba zai iya ba. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa fushi burki, ba ya gama ƙosawa sai mutum ya kai wajen shekara 25, shi ya sa rigima irin wannan ta fi yawa tsakanin shekara 1 zuwa 4. A wannan ƙurucin, da natsuwar babban da ke kusa da shi yaro yake sauka daga fushi. Idan babban ma ya hau sama, babu mai sauko da wani.

Gyaran yana farawa daga jikinka. Durƙusa ka daidaita ido da shi, ka sassauta murya, ka faɗa masa abin da ke cin sa: "Na ga ranka ya ɓaci, kana son ka ci gaba da kallo." A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles sun nuna, a gwajin da suka yi da manya, cewa ambaton sunan abin da ake ji yana rage zaburar sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da fargaba. Nasiha kuwa a ajiye ta sai ya huce. Wanda yake tsakiyar kuka ba ya jin karatu.

A nan wasu iyayen suke faɗawa wani ramin, kuma a ganina ya fi na farkon wuyar fita. Sun ji an ce a tausaya wa yaro, sai su ɗauka tausayi shi ne a mayar masa da wayar. Masanin halayya Gerald Patterson, wanda ya daɗe yana nazarin iyalai a jihar Oregon ta Amurka, ya bayyana yadda abin yake zagayawa: uwa ta hana, yaro ya ƙara ihu, uwa ta gaji ta ba shi, ihu ya tsaya. Yaro ya koyi cewa ihu yana biya. Uwar ma ta koyi cewa sakin layi yana kawo sauƙi, don haka gobe za ta fi saurin sakinsa. Ba wanda ya shirya hakan da gangan, amma kullum su biyun suna horar da juna. Mafita ita ce a karɓi ɓacin ran, a riƙe doka: "Na san ba ka ji daɗi ba, amma kallo ya ƙare. Idan kana so ka zo in rungume ka." Kuma a sani tun da wuri, ranar da aka fara tsayawa kan magana ɗaya rigimar takan ƙaru kafin ta ragu. Iyaye da yawa a nan suke karaya su ce dabarar ba ta aiki, alhali alamar ta fara kamawa ke nan.

Duka kan kawo shiru nan take, shi ya sa yake yaudarar mutane. Amma nazarin da Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka wallafa a 2016, wanda ya tattara bayanan yara sama da 160,000, ya danganta duka da ƙaruwar faɗa da ƙiwuya da damuwa. Haka ma kunyatarwa, irin su "namiji ba ya kuka" ko "dubi ƙanwarka ma ta fi ka hankali". Yaro zai iya ɓoye hawayen, amma bai koyi yadda zai yi da abin da ya kawo su ba. Idan kuwa har tsawa ta kuɓuce maka, ka koma wajensa bayan ka huce ka ce, "Na ɗaga maka murya ɗazu, bai kamata ba." Wannan ba ya zubar da girman uba ko uwa.

Yaro mai tsoro kuma kuskuren da ake yi masa daban ne: a riƙa kauda masa duk abin da yake shakka. Yana tsoron makaranta, a bar shi gida. Ba ya son gaisawa da baƙo, a amsa a madadinsa. Kowane kaucewa yana ƙara tabbatar masa cewa ba zai iya ba. Abin da ya fi shi ne a tunkari abin kaɗan-kaɗan, kana gefensa kana ce masa, "Na san da wuya, kuma na san za ka iya."

Sai batun kai yaro wajen masanin halayyar yara. Wasu suna jinkiri don gudun a ce ɗansu yana da taɓin hankali, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin ko a shekara 14. Wasu kuma su kai shi, su miƙa shi, su zauna a waje suna jiran a fito musu da shi a gyare. Ga ƙananan yara, iyaye ne ake horarwa. A tsarin PCIT, wato horon kyautata mu'amalar iyaye da yaro, wanda Sheila Eyberg ta ƙirƙiro a shekarun 1970 don yara 'yan shekara 2 zuwa 7, uwa ko uba suna wasa da yaron a ɗaki, masanin yana bayan gilashi yana yi musu magana ta ɗan abin kunne: yanzu yaba masa don ya zauna da kyau, yanzu bar tambaya, bi abin da yake yi. Aikin gida kuwa wasa ne na minti 5 kullum, yaron ne jagora. Wanda ya bar wannan minti biyar ɗin, ko ya daina zuwa da zarar ya ga ɗan sauƙi, ya rage amfanin da zai samu. Kada kuma a ce wa yaro don ya cika rashin ji za a kai shi. A ce masa za a je wajen wanda zai taimaki gidan gaba ɗaya.

Kafin a je, a duba barci: ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13, ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Idan rigimar tana kai shi ga ji wa kansa ko wasu ciwo, ko ta ci gaba kusan kullum bayan ya wuce shekara 5, ko maganarsa ta yi jinkiri, a fara da likitan yara ya duba ji da girmansa. A tafi da ɗan rubutu na mako ɗaya ko biyu: yaushe abin ya tashi, me ya faru kafinsa, me aka yi bayansa, da yadda ya ƙare.