Kurakuran da ake yi wajen ba yara sirop na kashe ƙwayoyin cuta

Kuskuren farko ana yin sa ne tun kafin a buɗe kwalba. Yaro ya kwana da mura da tari, sai a aika kemis a ce "a ba da Amoxil". Mura yawanci ƙwayar cuta irin ta bairos ce ke kawo ta, shi kuwa wannan magani wani nau'in ƙwayar cuta daban da ake kira bakteriya kaɗai yake kashewa, don haka bai taɓa mura ba ko kaɗan. Haka gudawar da ake cewa ta haƙori ce, a yi ta ɗirka wa yaro Flagyl da Septrin, alhali abin da jikinsa ke nema shi ne ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. In akwai jini a kashin, wannan kam sai asibiti. Zazzaɓi kuma a fara da gwajin maleriya.

To, a ce likita ne ya rubuta. Yawancin waɗannan magunguna gari ne a kwalba, kuma a wajen haɗawa ake ɓarna mai yawa. Wata za ta zuba ruwan zafi daga fulas, wata ta cika kwalbar har wuya don ya yi auki. Ruwan da aka tafasa ya huce ake so. A fara kaɗa kwalbar garin ya saki, a zuba ruwa kamar rabi, a rufe a girgiza, a jira kumfa ya kwanta, sannan a ƙara har daidai layin da ke jikin kwalbar. Kuma duk lokacin da za a ba yaro sai an sake girgizawa, domin maganin kwanciya yake yi a ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne awo. Cokalin shayi na gidan nan ba ɗaya yake da na gidan can ba, murfin kwalba kuwa ba ma'auni ba ne. A nemi sirinji marar allura ko ɗan kofin da ke zuwa da maganin. A kuma duba rubutun jikin kwali: amoxicillin, wato Amoxil, akwai mai 125mg a cikin 5ml, akwai mai 250mg a cikin 5ml. Awo ɗaya, amma ƙarfin na biyun ninki ne. Da nauyin yaro ake yanke adadin da zai sha, shi ya sa abin da aka rubuta wa ɗan maƙwabciya ba zai yi wa naki ba, ko da sa'o'in juna ne.

"Sau uku a rana" na nufin kusan kowane awa 8, ba safe da hantsi da azahar ba. In an manta, a ba shi da zarar an tuna, amma kada a haɗa biyu a lokaci guda. In ya amayar kafin minti 30, a sake ba shi.

Don Allah a bar ɗura. In aka danne yaro aka toshe masa hanci yana kuka, maganin na iya bi ta hanyar numfashi. A zaunar da shi a cinya, a sa bakin sirinjin ta gefen kumatu, a tura kaɗan-kaɗan yana haɗiyewa.

Sai kuma dainawa da an ga sauƙi. Kwana 2 zazzaɓi ya sauka, yaro ya koma wasa, sai ka ga an ɗora kwalbar a kan taga sai wani ciwon, ko an raba da ƙaninsa. A cika kwanakin da likita ya rubuta, abin da ya rage a zubar. Maganin da aka riga aka haɗa kwanakinsa ƙirgaggu ne, yawanci 7 zuwa 14 gwargwadon abin da ke jikin kwali, kuma irin su Augmentin sai da firij. Inda wuta ba ta tsayawa, a gaya wa likita tun farko. Akwai amoxicillin na ƙwaya mai narkewa a ɗan ruwa ko ruwan nono, wanda ba ya buƙatar firij, kuma shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so a yi wa yara maganin limoniya da shi.

Wannan sakaci ba ƙaramin abu ba ne, domin shi ke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya a 2019 saboda ƙwayoyin cuta masu jure magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

In ƙuraje masu ƙaiƙayi suka feso, ko fuska da leɓe suka kumbura, a dakatar da maganin a garzaya asibiti. Haka in yaro ya kasa shan nono, ko yana jijjiga, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja numfashi, ko an yi kwana 2 ana sha babu sauƙi. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, da jikinsa ya yi zafi asibiti za a nufa kai tsaye, kada a tsaya ɗiga masa Ampiclox a gida.