Kar mu zaunar da tsofaffinmu wuri guda

Salamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah mu daina hana su Baba da Inna motsi da sunan tausayi, zama kan tabarma yini guda shi ke cinye musu naman jiki, kuma daga shekara 60 abin sauri yake, ƙafa ta yi sanyi sai faɗuwa. Ku aje musu kujera jikin bango, su zauna su tashi kamar sau 10, a huta a sake, ko kwana 2 a sati. In suna iyawa su taka zuwa masallaci da asuba ko bayan la'asar, ranar Maradi kun santa. Abinci kuma kar ya tsaya ga fura kawai, a haɗa da wake, ƙwai, nono, ƙuli-ƙuli. Mai ciwon zuciya ko jiri a fara tambayar likita tukuna.