Yadda Ake Ɗaukaka Ƙara a Kotunan Najeriya

Kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake zama don jin shaidu daga farko. Abin da take yi shi ne ta karanta kundin shari'ar da aka yi a ƙasa, ta duba ko alƙali ya yi kuskure. Don haka duk abin da bai shiga kundi ba, a idonta tamkar bai faru ba ne. Idan kana cikin shari'a yanzu, ka tabbata kotu ta karɓi kowace takarda taka a matsayin hujja, an kuma rubuta duk sukar da kai ko lauyanka kuka yi. Da wuya ƙwarai a yarda ka kawo sabuwar hujja a sama, sai in ka nuna babu yadda za ka iya samunta a lokacin shari'ar farko.

Da an yanke hukunci, ka nufi wurin magatakardan kotu ka nemi kwafinsa mai hatimi. A manyan kotuna, sashe na 294 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya wajabta a yanke hukunci cikin kwana 90 bayan kammala jawaban ƙarshe, a kuma ba kowane ɓangare kwafi cikin kwana 7. Sau da yawa kwafin yakan yi jinkiri, shi kuwa wa'adi ba ya jiran kwafi. Lauya mai lura yakan shigar da takardar ɗaukaka ƙara da dalilan da ya kama a zauren kotu, daga baya ya nemi izinin ƙara wasu.

Wace kotu za ka nufa?

A nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Hukuncin kotun majistare Babbar Kotun Jiha ake kai shi. Na kotun shari'ar Musulunci ko kotun yanki kuwa, a jihohi da dama yakan fara biyawa ta babbar kotun shari'a ko babbar kotun yanki, daga nan hanya ta rabu biyu. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda Girandi Kadi ke shugabanta, sashe na 277 ya taƙaita huruminta ga al'amuran iyali: aure, saki, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Rikicin mallakar gona ko gida wanda ba na gado ba, ko bashi, ko ciniki, ba nata ba ne ko da duka ɓangarorin Musulmi ne aka kuma yi shari'ar bisa fiƙihun Malikiyya. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka kan rikicin fili a shari'ar Magaji da Matari a shekarar 2000. Irin wannan ƙara Babbar Kotun Jiha ake kai ta. Abin takaici ne mutum ya yi shekaru yana kashe kuɗi, ya yi nasara, sannan kotun sama ta rushe komai saboda kotun da ta ba shi gaskiya ba ta da hurumi. Maganar hurumi kuwa ana iya tayar da ita a kowane mataki, har a Kotun Ƙoli.

Daga Babbar Kotun Jiha, Babbar Kotun Tarayya da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa, mai rassa a Kano, Kaduna, Sakkwato, Jos, Yola, Gwambe, Abuja da wasu biranen. Aƙalla alƙalai uku ke zama, kuma in ƙarar daga kotun Shari'a ta fito, dole ukun su kasance masana shari'ar Musulunci. Daga nan sai Kotun Ƙoli a Abuja, inda biyar ke zama, ko bakwai idan batun fassara tsarin mulki ne.

Wa'adi

Daga ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne, amma ka duba dokar jiharku. Zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, hukuncin ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba wata 3 ne, ƙaramin hukuncin da aka yanke ana tsakiyar shari'a kwana 14, shari'ar laifi kwana 90. Zuwa Kotun Ƙoli wata 3 da kwana 14 ɗin suna nan, sai dai na laifi ya sauko zuwa kwana 30. Iyalai da yawa kan ɗauka 90 ɗin ce har yanzu, su makara.

Wanda ya makara zai nemi ƙarin lokaci da takardar rantsuwa, ya cika sharaɗi biyu tare: ƙwaƙƙwaran dalilin jinkirin, da dalilan ƙara masu alamar nauyi. Ɗaya ba ya wadatarwa. Cewa kawai ana ta ƙoƙarin sulhu a gida ba kasafai yake gamsar da kotu ba.

Takardar ɗaukaka ƙara

A rijistar kotun da ta yanke hukuncin ake shigar da ita. Tana ɗauke da ɓangaren hukuncin da ba ka yarda da shi ba, dalilanka ɗaya bayan ɗaya, abin da kake roƙo, da sunaye da adireshin waɗanda abin ya shafa. Kowane dalili dole ya fito daga abin da alƙali ya yanke hukunci a kansa. Kai ko lauyan da sunansa ke cikin rijistar lauyoyi ne zai sa hannu. Takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi kawai matacciya ce, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Okafor da Nweke a 2007.

Sai batun izini. Hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu a shari'ar da aka fara a gabanta, haƙƙinka ne ka ɗaukaka kai tsaye. Amma idan ita ma ƙarar da aka ɗaukaka ta saurara, ko kana son zuwa Kotun Ƙoli, kuma dalilinka ya taɓa yadda aka auna shaidu, to sai ka nemi izini tukuna. In ba ka nema ba, za a soke dalilin.

A ƙa'idojin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2021, magatakarda na da kwana 60 ya haɗa kundi ya aika. In ya gaza, nauyin ya dawo kanka cikin kwana 30, in kai ma ka yi sakaci a iya korar ƙarar. Shari'ar da aka yi da Hausa sai an fassara kundinta zuwa Turanci, kuma ya kamata ka sa wanda ya iya harsunan biyu ya gwada fassarar da asali, domin kalma ɗaya a lafazin saki ko shaidar gado tana iya juya hukunci. Bayan kundi ya isa, mai ɗaukaka ƙara na da kwana 45 ya shigar da rubutacciyar hujjarsa, abokin shari'a kwana 30, martani kwana 14.

Ka sani fa, ɗaukaka ƙara kaɗai ba ya hana a zartar da hukunci. Ana iya fitar da kai daga gida ko a kwashe kayanka alhali ƙararka na gaban kotu. Sai ka shigar da buƙata ta daban ta dakatar da zartarwa, ka fara a kotun da ta yanke hukuncin, in ta ƙi ka tafi sama. Idan hukuncin na kuɗi ne, akan ce ka ajiye kuɗin a asusun da kotu ta ayyana. Wanda aka ɗaure ma ba ya samun beli haka kawai, sai da dalili na musamman kamar rashin lafiya mai tsanani, ko yiwuwar ya gama zaman kafin a saurari ƙarar. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tuntuɓi ofishin Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta Ƙasa da ke jiharsa tun makon farko.

Kafin ka nufi Kotun Ƙoli, ka tambayi lauyanka abu ɗaya: kotuna biyu na ƙasa sun yi ittifaƙi kan abin da ya faru? In haka ne, Kotun Ƙoli ba ta cika taɓa matsayarsu ba sai an nuna ta saɓa wa shaidun da ke cikin kundi ko an karya wata ƙa'idar doka.