Kurakuran da muke yi idan kamfani ya ce a dawo da mota saboda birki

Yawancin motocin da ke yawo a Gombe ƴan Beljiyam ne, da yawansu daga Amurka aka lodo su. Idan kamfani ya gano aibi a birkin wani samfuri, yakan rubuta wa mai motar wasiƙa ya kawo ta a gyara. Wasiƙar kuwa adireshin wanda ya yi rajistarta a can take zuwa. Kai da ka saye ta a nan babu mai aiko maka, don haka shirun da ka ji ba shaidar lafiyar motarka ba ne. Wannan shi ne babban kuskurenmu.

Maganinsa bai kai minti biyar ba. Leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko jikin ƙofar direba, za ka ga lambar shasi, wato VIN, mai haruffa da lambobi 17. Shigar da ita a shafin NHTSA, hukumar da ke kula da lafiyar motoci a Amurka. Idan kamfani ya kira motar gyara kuma ba a yi gyaran ba, galibi zai fito. Ka kwafo lambar daga jikin motar, domin ta takarda wani lokaci akan yi kuskure wajen rubuta ta. In motar daga Turai ko Japan ta zo, shafin kamfanin da ya ƙera ta za ka duba.

Wasu kuma sukan ce ai birkin yana kamawa, me za a gyara? A watan Satumba na 2023, Hyundai da Kia sun kira motoci sama da miliyan uku a Amurka, ciki har da Elantra ta 2011 zuwa 2015, wadda ta cika titunanmu. Man birki ne kan tsiyaya cikin na'urar ABS, wadda ke hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi, ya haɗa waya, wuta ta tashi ko da motar tana ajiye a kashe. Har aka ce wa masu motocin su riƙa ajiye su a waje, nesa da gini. Gyaran kuwa canjin fis ne. Ka tuna yadda muke shigar da mota cikin gida, gab da tagar ɗakin yara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake wasa da fitilar ABS. Na taɓa kai mota gareji da fitilar tana ci, bakaniken ya ce, "Alhaji, bar ta, ba komai ba ne." Da na dawo ɗauka fitilar ta mutu, na yi murna. Bayan wata biyu wani mai gyaran wayar mota ya buɗe wajen mita, sai ga baƙin salatef an manna a kanta. Duk tsawon lokacin nan ina bin hanyar Bauchi da iyalina. In fitilar ta kama, a sa kwamfuta a karanta abin da take faɗa, ka tsaya a wurin ka gani da idonka.

Haka batun man birki. In ya ragu a robarsa, ko takalman birki ne suka cinye, ko yana zuba a wani wuri. Ƙara mai kullum ba tare da an nemo inda yake bi ba ɓoye ciwo ne kawai. Kuma a duba murfin robar, an rubuta irin man da motar ke so, DOT 3 ko DOT 4.

Sai maganar kuɗi. Gyara kyauta doka ce ta Amurka, dillalan can take ɗaurewa, kada ka je gareji a Jekadafari kana cewa dole a yi maka kyauta. Buga takardar kiran, ka fara tuntuɓar dillalin da kamfanin ya amince da shi a Najeriya, ka ji ko zai karɓi aikin. In bai yiwu ba, kai wa bakaniken da ka yarda da shi, a karanta masa ainihin abin da aka ce a canza, a sayo na asali. Kafin nan, kada a yi doguwar tafiya da ita.